Iya Ummuhani Ta Kai Angonta Kasuwa

"...Lafiya lau, amarya. Ya ƙafar taki?"

"Ƙafa da sauƙi, ita ce ma ta kawo ni. Ya zaman banza?"

Iya Ummuhani ke nan, tsaye a ƙofar ɗakin jikanta Safiyanu, da hantsin ranar kasuwar Makarfi. Safiyanu ya gama difloma a Zariya ya dawo ƙauyenmu jiran aiki, aikin kuwa har yau bai gane hanyar garin ba. Abin da ke ɗebe masa kewa finafinan leƙen asiri ne masu fassara, da ake tura masa a waya. Ya kalla, ya kalla, har abin ya bi jikinsa: baƙin gilas, baƙar kwat ta gwanjo, ga bulutut na amsa waya a kunne ko babu mai kiransa. Da, mu maƙwabta dariya muke yi. Sai makon jiya aka kore shanun Alhaji Yahuza. A ƙasarmu kuwa yanzu in an yi sata, ba ɓarawo ake fara nema ba, wanda ya nuna masa hanya ake nema. Tun daga ranar dariyar ta ɗauke mana.

"Zaman banza? Tsohuwa, karatu nake. Matso ki ga namiji a fim ɗin nan."

"Wannan mai wuya kamar na zakaran da aka fige?"

"Shi kaɗai ya shiga ƙasar abokan gaba! Ya diro daga jirgin sama, ya faɗa kan jirgin ƙasa, kwat ɗinsa ko yamutsewa ba ta yi ba."

"Kai kuwa ka faɗo daga kan mashin yana tsaye, sai da na gasa maka ƙugu."

"Agogonsa waya ne, makulli ne, bindiga ne."

"Naka fa? Tun azumi ya suma, ka ƙi yi masa sutura."

"Allah ya haɗa ni da mata marar wayewa. Sakinki zan yi, in auro irin ta cikin fim."

"Bismillah, sake ni. Wa za ta kwashe ka? Ni ma don na saba wanke maka kashi ne nake haƙuri."

"Ji mai haƙori ɗaya, shi ma haya yake zaune."

"Da shi nake cin tuwon da kake zuwa kankare tukunyarsa. Kai, tsakaninka da Allah, me kake gani a wannan abin?"

Safiyanu ya kife wayar a kan cinyarsa.

"Iya, shi in ya shiga wuri, an san ya shigo. Manya ne ke kiransa, su ce, 'Kai kaɗai za ka iya.' Mugu kuma yana da fuska, a kama shi kowa ya huta. Ni wa ya taɓa kirana? Wayar nan ma ke kaɗai ke min filashin."

Tsohuwa ta shigo ta zauna a bakin katifa, abin da ba ta saba ba.

"To an kira ka. Jiya a gidan suna aka kira ka, ina zaune."

"Da me?"

"An ce ɗan gidan Ummuhani mai baƙin gilas yana tafe yana magana da wasu a kunne. An ce an gan ka a kara, wajen masu sayar da shanu, kana tambayar shanun wa suka fi yawa, har kana ɗaukar hoto."

"Gwaji fa nake! Haka ake yi a fim, ka lura da komai..."

"Infoma suka ce."

Ni kuwa ina leƙensu ta kan katanga, duk ina jin su. Wannan kalma in ta hau kan mutum a nan, ba kasafai take sauka ta bar shi da rai ba.

"'Yan sa-kai sun ce in an tashi kasuwa za su zo su ji ta bakinka. Ka dai san yadda suke jin ta bakin mutum. Yaron hayin gada, takalminsa kawai aka kawo wa uwarsa."

"In gudu Kano?"

"Gudu, ka tabbatar musu."

"In dafa Alƙur'ani?"

"Shi ma wancan ya dafa."

"To ya zan yi, Iya?"

"Yau kuma Iya ce, ba amarya ba? Tashi ka ɗauki kwandon daddawata, kasuwa za mu. Kada ka cire kwat, kada ka cire gilas. Kana gaba ina baya, ina gaya wa duniya ko wane ne mijina. Wanda ƙadangare ya kora daga banɗaki. Wanda na aika sayen gishiri ya kawo min kanwa. Wanda ke magana a kunne da waya babu kati."

"A tsakiyar kasuwa? Gaban 'yan mata?"

"Har gaban mahauta. Uwarka ba za ta iya ba, ko sunanka ba ta faɗa, kai ne ɗan fari. Ubanka in ya yi magana a ce ɗansa yake karewa. Ni kuwa kaka ce, zaginka hakkina ne, babu mai cewa shiri ne. In suka yi dariya ka sha. Ba wanda zai yarda ɓarayi sun ɗauki sakarai aiki."

"Wato kafin in rayu, sai gari duka ya yarda ni ba kowa ba ne."

"Da ma sun yarda, angona. Mantawa suka yi, zan tuna musu."

Na sha jin zolayar kaka da jika, amma ban taɓa jin mai ɗaci irin wannan ba. Safiyanu ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ya miƙe ya ɗora kwandon a kansa.

"Kin ci, amarya. Amma ki ɗaga murya yadda na bayan kara za su ji. Na san halinki, in kin ga idona sai ki fara tausayina."

"Shi ya sa na ce kana gaba."

Suka fita. Ta share fuska da gefen mayafi, ta cika ƙirji, tun daga ƙofar gida ta fara.

"Jama'a, ku fito ku ga abin da na aura!"