Tirelar da Na Auna da Kamu

Ranar da kafil ɗina, wato Balaraben maigidan da nake wa tuƙi a unguwar Al Aziziya, ya aike ni in zaɓo 'yar tirela, irin wadda ake ɗaurawa a bayan mota, da za ta ɗauki sabon babur ɗinsa mai ƙafa huɗu zuwa farauta, Sani mai gadi ya miƙo min tef ɗin awo.

Na ce, "Haba Sani! Ni da na shekara goma ina lodin shanu a Maigatari? Riƙe abinka."

Na kara hannuna a kan hannuwan babur, kamu biyu cif. Na je unguwar Mesaimeer inda ake sayar da su, na bi tireloli ina aunawa kamar mai sayen shadda. Mai shago ya nuna min wata faffaɗa, na yi masa murmushin tausayi, na ɗauki siririya.

Ranar tafiya abokan kafil sun jeru, kowa da shaho a hannu, ana ta "yalla, yalla", wato maza mu tafi. Na hau babur da ƙasaita, na nufi tirela. Sai ji na yi gwaf! Ashe tayoyin sun fi hannuwan faɗi nesa ba kusa ba. Na ja baya na sake gwadawa har sau uku, wai ko tirelar za ta saki jiki.

Kafil ya dube ni ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Tirelata ta shiga sahara ɗauke da butar shayi da darduma biyu, babur ya zauna gadin gida tare da Sani.

Ba a kore ni ba, amma na samu suna. Har yau a ɗakinmu na 'yan ci-rani da ke unguwar Mansura, ko silifas wani zai saya, sai ka ji an ce, "Dakata, Kamu Biyu ya zo ya auna maka."