Ranar da Na Zama Labule

Bayan Inna ta fita takabar Baba, ba ta magana sai da dalili. Na ƙudura sai na raba ta da wannan shirun.

Akwai wani fim mai dogon zango na sarakuna da dodanni da na kalla a waya, tsarin labarinsa ya burge ni. Ban san mai tura mani fina-finai a Ƙofar Ƙwaya yana yanke wasu wurare ba. Wannan karon cikakken zangon na nemo a wani wuri, don Inna ta wuce a ba ta guntu.

Na zaunar da ita da Gwaggo a falo, na kunna fim ɗin a talabijin, na ce, "Wannan rubutun masu ilimi ne."

Ana gama shawarar yaƙi, sarauniya ta tuɓe alkyabba, kuma ba ta tsaya nan ba. Rimot ya ƙi aiki. Na miƙe na baza babbar rigata gaban talabijin, amma sautin ya ci gaba.

Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, ilimin ne ake yi a bayanka?"

Inna ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Har yau in na yi sallama, sai ta ce, "Ku kunna talabijin, labule ya iso."