Rasuwar Tebur Mai Gangare

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɓacin ran da har yanzu bai sauka ba, Baba Mai Zane, wanda ya kafa ofishin zanen gine-ginen nan na saman bene, yana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar teburinsa na zane. Marigayin ya cika ne ranar Asabar a hannun kafinta, ana tsakiyar gyaran ofis, lokacin da mai shi ya fita duba wani gini.

Marigayin bai yi jinya ba. Tun da aka ƙera shi samansa a gangare yake, don kada bayan mai zane ya ƙage, kuma haka kowane teburin zane yake a duniya. Amma surukin Baba, wanda yanzu shi ke juya kamfanin, ya ɗauko wata mai adon ofis. Ta shigo da tabarau a goshi, ta dubi marigayin sheƙeƙe, ta ce tsufa ne ya karkatar da shi. Aka kira kafinta. Ya sa zarto ya rage ƙafafun baya, ya zarce, ya dawo ya rage na gaba, har bawan Allah ya koma tsayin gwiwa. Aka kankare ramukan ƙusoshin da suka riƙe zanen makarantu da asibitoci, aka shafe shi da farin fenti. Yana nan kwance a ɗakin jiran baƙi, an ɗora masa furen roba don cin fuska.

Da Baba ya nemi ba'asi, sai surukin ya ce ai yanzu a kwamfuta ake zane. Baba bai taɓa jan ko da layi ɗaya a kwamfuta ba, surukin kuma ya fi kowa sani.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa neman lantarki ba, bai taɓa ɗaukewa ana tsakar aiki ba. Ya sha ɓarin shayi da na tawada bai yi ƙorafi ba. Maganarsa ba ta wuce ƙiiiƙ idan an ɗaga shi da safe, sai ƙwas idan ya zauna daram.

Ya bar doguwar rula da ta rasa gefen da za ta kama, da fitila mai dogon wuya, da kujerarsa mai tsayi. Ya kuma bar Baba, wanda ya zagaye sabon ofis kaf, gilas ta ko'ina, bai ga inda aka ware masa ba.

Za a ɗauki gawar ranar Alhamis bayan la'asar a motar ɗaukar kaya, zuwa gidan Baba, inda za a karɓi gaisuwa. An yafe wa kafinta, umarni ya bi. Mai ado ta riƙe furenta, suruki ya riƙe ta'aziyyarsa. Baba zai bi gawar da kansa. Makullinsa na ofis kuwa a karɓa a hannun maigadi.