Rumfar Farantin Sola

A wani daji da tafkinsa ke ƙafewa tun rani bai yi nisa ba, an yi wani Dabgi ana ce masa Jatau. Gadon gidansu tonon ƙasa ne da cin gara, amma shi ya ƙi tsayawa nan. Ya tafi gabas ya koyi aikin ruwa, ya dawo da wani baƙin faranti mai shan rana, wai sola, da injin da farantin ke ba wuta ya zuƙo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa. Majalisar daji ta ɗauke shi gwaji: in ya shayar da dabbobi har damina ta faɗi, a naɗa shi Sarkin Ruwa. In ya kasa, ya koma wa gararsa.

Jatau ya haƙa, ya kafa farantin a tsakiyar fili, ya ɗaura famfo. Rana na dukan farantin sai ga ruwa, fari tas! Barewa ta yi ta tsalle, birai suka yi wanka har da na gobe. Kunkuru ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa shan ruwan da ba sai an ture kainuwa ba.

Ranar da Jatau ya tafi ja wa unguwar ɓauna bututu, majalisa ta zo zagaya. Kura, mai kula da bukukuwa, ta dubi farantin ta kama baki.

Ta ce wa Giwa, shugabar majalisa, "Ranki ya daɗe, wannan abin kunya ne. Baƙon da ya kawo mana wannan alheri, shi muka shanya a rana kamar barkono? In maƙwabta suka ji, su ce ba mu san darajar manya ba. A yi masa rumfa, a kira makaɗa."

Aka yi rumfa ta kece raini, jinka mai kauri, ko tsinken rana ba ya ratsawa. Jatau ya dawo ya tarar ana rawa, famfo kuwa sai tari yake yi. Kashegari aka aiko masa: ruwa ya dawo kafin ranar kasuwa, ko ya tattara.

Matarsa Tasalla ta ce, "Kai ma dai, Malam. Je ka faɗa musu sun yi wauta mana."

Ya ce, "Tasalla, kin taɓa ganin wanda ya ce wa Giwa ta yi wauta ya dawo gida da ƙafarsa?"

"To, sai in fara wanke tukunyar gara."

"Bar ta a kife tukuna."

Ya je gaban majalisa ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamaninki, ƙara na kawo. Farantin nan lebura ne, a rana ya tashi, a rana ya san aiki. Tun da aka yi masa inuwa aka yi masa kiɗa, sai ya ɗauka shi ma ɗan majalisa ne. Na yi magiya, na yi lallashi, ya ƙi ɗaga ko tsinke."

Giwa ta miƙe kunnuwa. "Ɗan majalisa? Wa ya zaɓe shi?"

Kura ta zabura ta ce, "Ni dama tun farko ban yarda da take-takensa ba!"

Nan take aka yanke hukunci: a tuɓe masa rumfa, a mayar da shi rana ya gane matsayinsa, rumfar kuma a kai ta inda ta dace. Kafin azahar manya sun baje a sabuwar inuwarsu, famfo yana ambaliya, Tasalla tana guɗa har muryarta ta dushe. Damina na faɗuwa aka naɗa wa Jatau rawani, dabgai da gafiyoyi suka yi layi a ƙofarsa neman koyon sana'a.

Labari ya kai dazuzzukan maƙwabta, majalisunsu suka turo wakilai su gano sirrin ruwan. Wakilan suka sha, suka yaba, suka auna tsawon rumfar da faɗinta, suka koma gida.