An Kwashe Gansakukar Argungu

Jiya da safe na tafi Argungu sayen kifi, na dawo Birnin Kebbi da ciwon ƙugu. Tulin gansakuka na taka a bakin kogi, santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas a gaban mata masu wanki. Dankure, masuncin da nake saye a wurinsa, shi ya ɗaga ni.

Na ce, "Wa ya jibge wannan a hanya?"

Ya ce, "Mu na, Malam. Anka ce mu aje kamun kihi mu kwashe ta."

Ashe kwanakin baya wata malamar kimiyya, Malama Riskuwa, ta zo ta ɗebi ruwa a kwalabe. Ta yi wa manya bayani cewa gansakuka ba ta ɓoye sirri. Idan ta yi kauri ta rufe ruwa, to takin gona da ƙazantar gari sun yi wa kogi yawa. Ta ce za ta dawo da baƙi su gani.

Mai Girma Uban Tsafta, shugaban masu kula da tsaftar garin, ya saurara da kyau, Allah ya ƙara masa basira. Ya gane cewa gansakuka ce ke kai ƙararsa. Ni da ban yi boko ba sai in ce a toshe kwatar da ke zuba cikin kogi. Shi kuwa ya sa aka tara masunta da ragoginsu, suka wuni suna tace ruwa. Kwatar tana nan, har an yi mata fenti.

Na tambayi Dankure kifin fa. Ya nuna mini wasu suna yawo a kan ruwa, ciki sama. Ya ce, "Waɗanga ma anka ce mu tsince kahin baƙi su iso."

Abin da ke cina shi ne ɗiyata Hanifa. Hutu ta yi wurin kakarta a bakin kogin nan, ta sha ruwansa, ta dawo da gudawa, har yanzu kunu ba ya zama a cikinta. Raina a ɓace yake, kuma ina jin tsoro.

Maƙwabciyata Hajaratu ta ce, "Ka kai ta gaban baƙin mana, su gani da idonsu."

Na ce a'a. Na ga yadda ake yi wa masu ba da shaida. Na rufe yarinyar a ɗaki, kada Mai Girma ya ji labari ya aiko da raga.