Ranar da Na Shiga Rigar Surukina

Ko da zan manta da komai na zamana a Daudawa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na gayyato Alhaji Mamman ya ga eriyata ba.

Lokacin ne arzikin man fetur ya ɓalle, kowane malamin makaranta ya sayi babur. Ni da yake kaina ba irin na mutane ba ne, sai na sayi rediyon oba-oba, irin wanda ake hira da mutanen wasu ƙasashe, na yanki lasisi, na ja waya daga tagata zuwa ɗorawar bayan gida. Matsalar ita ce duk sanda zan sauya zango sai na hau bishiyar na murɗa akwatin saitin eriya da hannu, har aka fara cewa sabon malam ɗorawa yake sata. Sai na ciro injin waifa, mai goge gilashi, daga wata matacciyar mota, na haɗa shi da akwatin, na jawo wayarsa ɗaki. Ina zaune in danna maɓalli, can sama akwati ya saita kansa. Na ji kamar ni na ƙirƙiro lantarki.

Saura abin da zai kare akwatin daga ruwan sama. Na roƙi maƙwabcina Baba Tanko, wani dattijo Bamaguje mai kiwon zuma, ya ba ni amya, kwandon ciyawar nan da ake ratayawa a bishiya. Ban gaya masa abin da zan yi da ita ba, shi kuma don kirki ya turara mini ita da turaren kiran ƙudan zuma. (Na ji ƙamshin, na ɗauka girmamawa ce.) Na cusa akwatin ciki, na rataye, ban sake hawa bishiyar ba har damina ta wuce. Ai amfanin dabarar ke nan.

A lokacin ina neman auren Hadiza, ɗiyar Alhaji Mamman na Ketare, kuma ina sonta ƙwarai. Sai labari ya iso mini wai ya ce ba zai ba da ɗiyarsa ga mai kulle kansa a ɗaki yana magana shi kaɗai ba. Hankalina ya tashi, na tura kawuna ya roƙe shi ya zo ya ji da kunnensa. Kun san mu da surukai: ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba, in na hango shi a kasuwa hanya nake sauyawa.

Ya zo da abokansa biyu, cikin wata farar malum-malum. Na shimfiɗa musu tabarma a inuwar ɗorawar, na fito da rediyo da batirinsa da maɓallin saitin, na sanar da su, kaina a ƙasa, cewa yanzu za mu yi magana da Ingila. Na danna maɓalli. Inji ya yi nishi can sama, rediyo ya ce shuuu. Na sake dannawa na riƙe. Nishin ya koma wani irin gunji. Ɗaya daga cikin baƙin ya ɗaga kai, na tabbatar masa da cewa ƙarar saiti ce. Don in nuna gwaninta, na ɗauko gora na zunguri amyar.

Ta faɗo gabanmu ta dare gida biyu. Ashe saƙar zuma ce ta liƙe injin.

Abokan Alhaji suka watse, ko takalma ba su ɗauka ba. Shi kuwa, da yake manomi ne, durƙusawa ya yi ya ja rigarsa ya lulluɓe kansa. Ni ɗan boko na yi gabas, na yi yamma, ƙudan zuma na bi na har cikin kunne. Ban san lokacin da na ɗage gefen malum-malum ɗin na faɗa ciki ba.

Ga ni ga surukina, goshi da goshi, ina jin ƙamshin goron bakinsa. Na gwammace a ce fita na yi suka cinye ni. Ƙudan zuma na ta gunji a waje. Can ya ce a hankali, "Malam, wagga ita ce Ingilar ta amsa?"

Baba Tanko ne ya zo da hayaƙi ya cece mu. Na yi kwanaki fuskata kamar kabewa, na kuma cire rai da Hadiza.

Sai ga kawuna ya dawo daga Ketare yana dariya har da hawaye. Wai Alhaji ya ce ya ba ni. "Yaron da ya shigo rigata," in ji shi, "in ban maishe shi ɗa ba, da wane ido za mu kalli juna?"

Har ya rasu, in na je gaishe shi sai ya tattara gefen rigarsa ya danne da gwiwa. Ni kuma daga ranar na koyi cewa komai daɗin sarrafa abu daga nesa, ka riƙa hawa kana leƙa shi, musamman kafin ka shimfiɗa wa surukinka tabarma a ƙarƙashinsa.