Ranar Da Na Yi Wa Na'ura Rashin Kunya

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a makarantar da nake koyarwa, can wajen Naraguta, ba. Ni mutum ne mai son finafinan ban tsoro, musamman waɗanda ake sa wa mutum wani ƙaton tabarau ya shiga cikin wasan kwamfuta, daga nan na'ura ta haɗiye shi, wayoyi su tsiro masa a ƙeya. (Matata ta sha cewa wata rana za su taɓa min kai. Ban saurare ta ba.)

Ranar aka kawo irin wannan tabarau don a nuna wa malamai. A makon ne kuma shugabarmu, Madam Kaneng, za ta zaɓi mataimaki, sunana na cikin waɗanda ake dubawa. Da aka nemi wanda zai fara gwadawa, sai na miƙe ina gyara hula.

"Ni na san kan abin nan," na ce. (Ko taɓa shi ban taɓa yi ba.)

Aka ɗaura min, aka toshe min kunnuwa. Na duba hannuwana, sai na ga sun koma ƙarfe, yatsu na ƙyalli. Ana cikin haka sai komai ya yi baƙi ƙirin. Caji ne ya ƙare, amma ni a lissafina an gama haɗiye ni.

Na fara salati da ƙarfi. Na ce a gaya wa matata ta yafe min. Na kuma amsa, ba wanda ya tambaye ni, cewa ni ne nake shanye madarar garin Vom da abokin aikina Malam Bulus ke ɓoyewa a firjin ofis.

Sai na ji murya daga nesa: "Malam, cire abin mana."

To, a finafinan nan, na'ura takan ari muryar wanda ka sani don ta yaudare ka. Na daka mata tsawa.

"Ƙarya kike, na'ura! Madam ta gaskiya ba ta taɓa yi wa mutum magana a hankali ba. Ita da ta buɗe baki har can unguwar Tina Junction ana jin ta!"

Wani ya zare tabarau daga fuskata. Ga Madam Kaneng a gabana, riƙe da shi. Malam Bulus yana durƙushe a ƙasa, dariya ta hana shi numfashi.

"Barka da dawowa duniya," ta ce, a hankali ƙwarai. "Ka same ni a ofis."

Malam Bulus aka ba mataimaki. Ni kuma aka ɗora min kula da ɗakin kwamfuta, tunda a cewar Madam na saba hira da na'urori.

Abin da na koya: in ido ya rufe, to baki ma a rufe shi, domin mutanen da ke ɗakin ba su je ko'ina ba.